Wasiƙun da Ke Faɗowa Daga Silin Baba Hatimi

Shekararsa sittin da takwas, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma shi kaɗai ne ɗan tiyosofi a layinsu. Ana ce masa Baba Hatimi saboda shekara talatin da huɗu ya yi yana rarraba wasiƙu yana buga musu hatimi. Har yau in zai ajiye kofin shayi sai ya buga shi a tebur sau biyu.

A kwali ya samo tiyosofin nan. Ranar da ya yi ritaya, abokan aikinsa suka haɗa masa da wani kwalin littattafai da ya shekara goma sha ɗaya a sito ba wanda ya zo nema. Cikin wata biyar ya karance su tas. Ga abin da ya fahimta: kalmar daga yaren Girka ta fito, ma'anarta hikimar Allah. Masu wannan falsafa sun ce addinan duniya kamar rijiyoyi ne, kowace da bakinta, amma ruwan da ke ƙarƙashi ɗaya ne, kuma da tsarkin zuciya da dogon tunani ake kaiwa gare shi, ba da gardama ba. Bai taɓa fasa sallarsa ba. "Ni ba na barin rijiyata," in ji shi. "Ta maƙwabta kawai nake leƙawa."

Amma abin da ya fi tafiya da hankalinsa, shi mutumin wasiƙa, wani babi ne da ya ce akwai ɓoyayyun malamai can cikin duwatsu masu nisa da ke aiko wa ɗalibansu wasiƙa ba kan sarki ba hatimi, sai dai a ga ta faɗo daga rufin ɗaki. Nan take ya kama ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin. Ya jera kujerun roba bakwai, don littafin ya ce da mutum bakwai ake buɗe reshen ƙungiyar masu wannan falsafa. Ya hau tebur ya cire falle ɗaya na silin, kada saƙo ya zo ya maƙale.

Ɗakin nan shi ne tushen rigima. Tun kafin ya bar aiki ya yi wa matarsa alkawarin nan za ta sa keken ɗinkinta. Keken ya ci gaba da zama a baranda, duk mai wucewa sai ya bugi ƙwauri. Mabiyi kuwa ɗaya ya samu, mai askin bakin layi, shi ma fanka ce ke kawo shi. Da an fara dogon tunani sai ya fara minshari.

Shekara biyu ga abin da ramin ya ba da: ƙura, tsaka uku, da gashin tattabara ɗaya, wanda Baba ya adana a ambulan.

Sai wata Talata da hantsi ya shiga ya tarar da takarda a ninke daidai ƙarƙashin ramin. An rubuta: "Ya kai ɗalibi, famfon bayi yana ɗiga." Kafin azahar ya gyara shi. Bayan mako guda wata ta iso: "Mai neman hikima ba ya barin safa a kan gado." Ta uku ta umarce shi ya je ya duba ƙanwar matarsa, wadda ya yi shekara yana kewaye layinsu. Ya je, har da lemo.

Mai aski ya kasa haƙuri. "Baba, malaman duwatsun nan ina suka san famfonka?"

"Wanda ya san sirrin taurari, famfo ne zai gagare shi?"

"To ka ce su yi maganar gemun nan naka. Ya zama tsintsiya."

"Kai dai koma barcinka, babban waliyyi."

Ranar da na ziyarci Baba, na tambaye shi ko ya san mai rubutun. Ya dube ni kamar na zage shi. "Shekara talatin da huɗu ina karanta hannun mutane, ka ce ban san hannun da ya shekara arba'in yana rubuta mini cefane ba? Daga littafin awonta ma take yago takardar. Juya baya ka gani: kafaɗa goma sha shida, tsawo arba'in da biyu." Na ce to me ya sa yake bi. Ya ce littafin ya faɗa, hikima tana zuwa ta inda ba ka zata ba. "Da baki ta yi ta faɗa, ban ji ba. Ashe ni kunnena a takarda yake."

Matar tasa kuwa, da na same ta a baranda tana datse zare, ko kai ba ta ɗago ba. "Ni ban san komai ba, ɗan nan. Amma malaman nan da gani sun san zaman gida."

Wasiƙa ta goma sha huɗu ce ta girgiza shi: "Ɗalibin ƙwarai ba ya riƙe ɗaki. Keke ya shigo kafin Asabar." Kwana biyu bai buga kofi a tebur ba. A na uku ya rubuta amsa, karo na farko, ya manna mata kan sarki, ya ɗora a bakin ramin da sandar goge-goge. Roƙonsa a bar masa rabin ɗakin, da duk girmamawa. Ya faɗi abin da ya rubuta da ƙarfi yana fuskantar kicin, ko malaman ba su da tsani.

Washegari amsa ta faɗo: "Kujera ɗaya, bayan ƙofa. Mai aski ya yi barci a shagonsa."

Ranar Asabar shi da kansa ya fitar da kujeru shida, ya turo keken ciki yana haki.

"Baban yara, sai a toshe ramin nan ko? Ƙura za ta ɓata mini yadi."

"Haba Maman yara, a rufe gidan waya ana tsakiyar aiki?"

Ramin yana nan. Jiya da safe ya fita ya sayo ambulan ashirin da biro biyu, ya ajiye su a kan keken, ko malaman za su buƙata.