Seu Aldenor da Gado na Goma Sha Biyu

Seu Aldenor, wato Malam Aldenor, ya kai shekara sittin da uku bai taɓa kwana a kan gado ba, kuma bai ɗauki wannan abin ba da labari ba. A cikin ragar kwana aka haife shi, irin wadda ake ɗaure bakinta biyu a sama tana lilo, a wani ƙauye na bakin kogin Arapiuns. A cikinta ya yi ƙyanda, a cikinta ya yi angonci, kuma duk inda za shi tana naɗe a ƙarƙashin hammatarsa da igiyoyinta biyu. Sana'arsa toshe ɓarakar kwale-kwale da ƙaro, in damina ta ja baya kuma ya soya garin rogo. Mutum ne gajere, mai hula ɗaya, wanda in ka yi masa tambaya sai ka gama wani aikin kafin amsa ta iso.

Shekara bakwai na san shi. Ni ce mai girki a gidan saukar masu ƙanjamau da ke bayan kasuwar kifi a birnin Santarém. Ni ma da baƙunta na fara shiga gidan, da 'yar jakata da takardar asibiti, sai Dona Osmarina, wato Malama Osmarina mai kula da gidan, ta ɗanɗana waken da na dafa ta ce ba inda za ni.

Gwamnati ce ke riƙe da gidan, don mutanen da ke zuwa daga nesa karɓar magani su sami wurin sa haƙarƙari na 'yan kwanaki. Ita gwamnati gado ta sani. Ta aiko da gadajen ƙarfe goma sha biyu, kowanne da lamba da katifa, kuma a kan kowane gado take ba da abin da ake ci da abin da ake biyan wuta. Mu kuma muka gode mata, muka kafa ƙugiyoyi a bango, kowa ya ɗaura ragarsa daidai saman gadonsa. Katifun ko ledarsu ba a cire ba. A kan gado na huɗu nake tsince wake, na tara kuma nan ake shanya kaya in ana ruwa.

Na goma sha biyu shi ne na mutanen kogi, ana karɓa-karɓa, kuma duk bayan wata uku na Seu Aldenor ne. Kwana biyu yake yi a jirgin ruwa, ya iso da buhu biyu na gari, ya jibge su a kan gadon, ya ɗaura raga. A ƙauyensu kowa ya san gari yake kawowa birni ya sayar, kuma ba ƙarya ba ne, yana sayarwa. Sauran abin da yake yi a kwana biyar da yake yi a gidan, ɗaukar jini da ganin likita da karɓar ƙwayoyin wata uku, ba wanda ya sani. Ya san yana da cutar ne a shekarar da matarsa Jacira ta rasu da ita. Yana da suruki a garin, yayan marigayiyar, amma mai aski ne, kuma bakinsa ya fi almakashinsa aiki. Seu Aldenor ya taɓa gaya mini, yana shan kofi, cewa ranar da ba shi da masauki sai gidan surukin nan, ranar ya daina zuwa. Bai faɗa da zafi ba. Na san abin da ke samun wanda ya daina zuwa, don na raka gawa uku irin haka.

Sai ga takarda, a makon da yake gidan. Za a turo jami'a ranar Alhamis ta duba, kuma duk gadon da ba a ga alamar ana kwana a kansa ba za a soke shi daga tallafin shekara mai zuwa. Dona Osmarina ta karanta sau biyu, ta ɗaga ido ta kalli ragogi goma sha biyu suna lilo a saman katifu goma sha biyu masu ƙyalli, ta ce in ɗora mata kofi mai ƙarfi.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Aka yage ledoji, aka sauke ragogi aka cusa a bayan tulin itace, aka rataya kalanda da hotunan waliyyai a kan ƙugiyoyin, har bangon ya koma kamar shagon mai sayar da hotuna. Dona Osmarina ta sa kowa ya yi ta birgima a katifarsa don ta lotsa. Valdeci, wani direban babur mai surutu a cikin baƙin gidan, ya faɗo sau biyu, ya ce wannan abu ba shi da gefen da zai tare mutum, kuma wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa yin barci ba.

Seu Aldenor ya sauke buhunansa, ya taimaka aka yage ledar, ya shimfiɗa zanin gado da kyau. Da aka ce ya hau sai ya ce a'a. Dona Osmarina ta yi lallashi, ta yi bayani, ta haɗa shi da Allah. Ya saurara har ƙarshe da hularsa a hannu, ya sake cewa a'a, ya fita can ta bayan gidan ya kama gyaran wani benci da ba wanda ya ce ya lalace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffin kogi, waɗanda ko cokali ka ba su sai sun dube shi da zargi.

Jami'ar ta iso ƙarfe goma na safe, yarinya ce siririya daga kudu, da fayil da tabarau. Mu a saninmu gado wurin kwanciya ne, to ai sai a gan mu a kwance. Ta shigo ta tarar da mutum goma sha ɗaya a miƙe, kowa ya kwanta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa yadda ake kwanciya a raga, an ja mayafi har wuya a cikin zafin nan, ba mai motsi. Valdeci ya ƙara da ɗan nishi, don a ganinsa hakan zai taimaka.

Ta tsaya a ƙofa ta daɗe. Sannan ta tambayi Dona Osmarina, da murya ƙasa-ƙasa, tun yaushe suka kasa tashi. Ta ce izinin gidan nan na masu tafiya da ƙafarsu ne, in kuwa jikinsu ya kai haka dole a kira motar asibiti yanzu.

"Ku tashi," in ji Dona Osmarina.

Suka tashi gaba ɗaya. Valdeci har da tsalle, don a tabbatar. Jami'ar ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana danna katifa tana rubutu, ta ɗan tsaya a gaban wani waliyyi da ke rataye a karkace, ta wuce. Da ta kai na goma sha biyu ta tarar da shi sumul kamar teburin coci, ta tambayi wa ke kwana a nan. Aka ce wani dattijo ne, yana can ta bayan gidan yana gyaran benci. Ta ce ita abin da ta gani take rubutawa, ta ɗora biro a kan layin gadon za ta soke shi.

Na fita da ludayi a hannuna. Yana tsugune yana buga ƙusa.

"Seu Aldenor, minti biyar ne fa. Ba yanka ka za a yi ba."

"Na ji, Dona Leuza."

"Ka ji, amma kana nan. To ka zauna. In an soke gadon sai ka koma ƙauye ka mutu da mutuncinka, mu kuma mu gaya wa matan da ke zuwa daga kogi bayanka su kwana a tashar jirgi, saboda kai ba ka hawa katifa."

Ya ajiye gudumar. Ya wanke hannu a famfo, ya shiga, ya gaida jami'ar da ladabi. Ya cire hula ya ɗora a ƙasa, ya jera silifas ɗinsa, ya hau. Shi bai karkace ba kamar sauran. Ya kwanta rigingine a tsakiya, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe, kamar wanda ya daɗe da sanin yadda ake yi.

Ta tambaye shi ko katifar tana da daɗi. Ya ce ba laifi. Ta rubuta goma sha biyu, ta sa hannu, ta sha kofi da wainar rogo, ta ba da shawarar a ƙaro matasan kai, ta tafi. Motarta ba ta sha kwana ba aka fara sauke waliyyai ana ɗaura ragogi, Valdeci yana ba da labarin nishinsa kamar shi ya ceci gidan. Na koma kan tukunyata.

Sai da na zuba abinci na ƙirga kwanoni na ga ɗaya ya rage. Na leƙa ɗakin. Yana nan yadda muka bar shi, idonsa a buɗe, zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Na ce masa ai ta tafi tun ɗazu, ya sauko kifi zai huce.

Bai juyo ba. Ya ce, "Kwana goma sha tara Jacira ta yi a haka a asibiti. Kullum sai ta ce in kai ta gida in ɗaura mata ragarta, ni kuma in ce ta yi haƙuri, likita ya fi mu sani." Ya ci gaba da kallon sama. "Ina zaune a gefenta duk kwanakin nan, ban taɓa ɗaga kai ba. Ashe ba abin da take gani sai silin."

Kunyar abin da na gaya masa ta kama ni, da tausayin da ban san inda zan kai shi ba. Na ajiye kwanon a ƙasa, na zauna a bakin gado na goma sha ɗaya, ban ƙara ce masa ya tashi ba.