Bokitin Wambeti

Shekara goma sha tara Wambeti tana duba wa ƙungiyarmu ta manoma a garin Runyenjes makadamiya, wata irin gyaɗar bishiya mai taurin ɓawo, ba a taɓa dawo mana da kaya ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya mutu ya bar mata bishiya talatin a gefen gonar kofi, da su ta yi wa 'ya'ya huɗu karatu. Kayan aikinta bokiti ɗaya ne na ruwa. Takan ɗebi 'ya'yan makadamiyar daga buhunka ta zuba: nunannu su nutse, ɗanyu su taso.

Dokar ƙungiya guda ce, ba a kaɗa bishiya, sai abin da ya faɗo da kansa ake tsinta. In ma'aikacin kamfanin da ke saye a wurinmu ya ga ɗanye a buhu ɗaya, ya bar kayan gida arba'in ya tafi, wataƙila har abada.

A shekarar da ɓarayi suka addabe mu, sau biyu ina tarar da rassana a karye. Raina ya ɓaci, na ɗauki gora na kaɗe sauran tas, na cakuɗa da nunannu, buhu uku. Na ce ai 'yar'uwata ce.

Ranar tara kaya, motar kamfani ta riga ta iso, direba yana ta danna ham. Layi na tafiya. Nthiga, shugabanmu, ya dube ni.

"Rwamba, wannan gumi haka, ko da gudu kika zo?"

Aka yi dariya, ban da ni.

Wambeti ta kwance buhuna. Ba ta ɗebi na sama da na jera da kyau ba, sai ta cusa hannu har gwiwa. Ta zuba. Suka taso ɗaya bayan ɗaya, har suka rufe ruwan.

"Yaya," na ce ƙasa-ƙasa, "ɓarayi ne suka sa ni. Ki rufa min asiri."

Ba ta kalle ni ba.

"Shugaba," ta ɗaga murya, "na Rwamba ba zai hau mota ba. Ɗanye ne."

Wallahi a lokacin na tsane ta, na tsani bokitin, na tsani kaina. Aka loda na kowa, motar ta tashi, aka dakatar da ni shekara guda.

Jama'a suka watse, suka bar ni da buhu uku da tudu a gabana. Ina ɗaura igiya ina hawaye, sai na ji an ja ɗaya. Wambeti ce, da shekara sittin da biyar da ciwon baya. Ta ɗora igiyar a goshi, buhun ya kwanta a bayanta.

"Wuce gaba," ta ce. "Sai mun dawo ɗaukar na ukun."