Ranar da Na Kai Ta Harra

Shekara tara na yi ina kula da karnukan tsere a wata istiraha da ke bayan garin Madina. Istiraha a nan fili ne mai katanga, da ɗakuna kaɗan da bishiyoyin dabino, inda masu hali ke zuwa hutawa. Maigidana Balarabe ne. Aikin direba ya ɗauke ni, amma da ya lura karnukan ba sa guduna sai ya bar min su. Salugi ake ce musu, dogaye ne sirara, cikinsu a ɗame kamar ba su taɓa ƙoshi ba. Da girmana na fara koyon rubutu, kuma tun da hannuna ya fara faɗawa nake son in ajiye labarin ɗaya daga cikinsu.

Ga yadda nake horar da su. Bayan sallar asuba in zuba su a bayan wanet, wato a-kori-kura, mu tafi fili mai yashi. In sauke ɗaya, in shiga mota in ja. Akwai fatar barewa da muka cusa wa tsumma, tana lilo a jikin wani ƙarfe a bayan motar. Karen ya biyo ni da iya ƙarfinsa, in ya matso in ƙara wuta. Idan na tsaya sai ya zo ƙofar direba, in ba shi ruwa. Kullum haka, in ban da Juma'a.

Ita wadda nake magana a kanta launin yashi ce, da gashi mai laushi a kunnuwa. Ta ciyo wa maigida tsere ba sau ɗaya ba. Da ta kai shekara bakwai ƙafarta ta baya ta fara ciwo, likitan dabbobi ya ce gudu ya ƙare mata. Daidai lokacin an kawo sababbin kwikwiyoyi uku, wuri ya yi kaɗan.

"Ka kai ta daji ka sake ta," in ji maigida. "Jinin farauta ce, za ta ci da kanta."

Ba mugun mutum ba ne, ya yarda da abin da ya faɗa. Ni ne na san ba ta taɓa kama wani abu mai rai ba. Na sani, amma na ce to.

Washegari da safe na ɗauke ta ita kaɗai. Na cire fatar barewar na bar ta a istiraha, na yi gabas har inda gidaje suka ƙare, Harra ta buɗe, baƙaƙen duwatsu masu kaifi iya ganinka. Na zaɓi wurin ne don na san akwai masu tumaki a can ciki, ko wani zai gan ta. Na cire mata abin wuya, na ajiye kwanon ruwa da na abinci a gindin wani dutse. Ban dube ta ba. Na shiga mota na ja.

Da na ɗaga ido ga madubi, sai ga ta tana zuwa.

Shekara bakwai ina sauke ta ina jan mota, ban taɓa nufin komai da hakan ba sai ta biyo ni, kuma ko sau ɗaya wannan bai faɗo min a rai ba a hanya. Na ce bari in yi sauri ta gaji ta haƙura. Na ƙara wuta, ita ma ta ƙara, don abin da na koya mata ke nan. Da hanyar ta yi kwana sai ta yanke ta cikin duwatsu.

Na taka birki. Ta iso da ƙafa uku, tafukanta duk jini, ta tsaya a ƙofar direba tana haki tana kaɗa wutsiya. Ruwanta take jira. Kwanon yana can baya, sai na zuba mata daga gorata a tafin hannuna.

Istiraha ba za ta komu ba. Gidana kuwa ɗaki biyu ne a bene na uku, a unguwar da ake kira Harra ta Gabas. Na kira matata.

"Kare? A ɗakin da muke sallah? Malam, lafiyarka kuwa?"

Na ba ta labari. Ta ce, "Ka ɗaure mata ƙafar tukuna. Sannan ka gwada tsohon nan na unguwar Jurf."

Tsohon yana kula da wata gonar dabino da tumaki da kaji. Iyayensa daga Chadi suka zo aikin Hajji, a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Da na isa, ya leƙa bayan motar ya daɗe yana kallo.

"Ya waladi, me ka kawo min? Kare ne ko karan dawa?"

"Kare ne, Baba. Wurin zama take nema."

"Tana haushi?"

"Ba sosai ba."

"Kiwo fa?"

"Ba ta iya ba."

"Farauta?"

"Tsumma kawai ta taɓa kamawa."

Ya yi dariya har da tari. "To in Ubangiji ya tambaye ni dalilin ajiye ta, in ce me? Na gona aka yarda, da na kiwo, da na farauta. Taka ba ta shiga ko ɗaya ba."

Na faɗa masa abin da ya faru, ban rage komai ba. Ya kwance tsumman da na yaga daga rawanina na ɗaure mata, ya duba tafin ƙafar.

"Kai ka ja motar?"

"Ni ne, Baba."

"Har ka ƙara wuta."

"Na ƙara."

"Allah ya yafe maka," ya ce a hankali. Ya mayar da ɗaurin, ya fi nawa kyau. "Yanyawa na cinye min kaji. Ko ba ta haushi, in suka ji warinta za su sake shawara. Tayyib, karyar gona ce. Sauke ta."

Na shimfiɗa mata buhu a inuwar ɗakin abincin tumaki, na yi wa tsohon godiya. Ina tayar da mota ta miƙe a kan ɗaurarrun ƙafafun nan, kunnuwa a tsaye.

"Kashe, kashe," in ji tsohon. "Kai ba ka koyo ne?"

Ya ja ta cikin ɗakin ya rufe ƙofa, ya zauna tare da ita. Ni kuma na cire giya, na sa kafaɗa, na tura wanet ɗin shiru, ta tsakanin dabinai, har na fita ƙofar gona na kai bakin kwalta. Rana ta riga ta ɗaga, rigata ta jiƙe sharkaf. Sai da na tabbata ba za ta ji ba na tayar.

Maigida ya tambaye ni ko na sake ta. Na ce na bar ta a wuri mai ruwa da mutane. Ya ce madalla, bai ƙara tambaya ba.

Duk Juma'a bayan la'asar nakan je Jurf. A bakin masallacin unguwar nake ajiye mota, in taka sauran hanyar da ƙafa. Tsohon kan hango ni tun daga nesa ya ce ga mai tura mota nan. Ita kuma takan taso a hankali, tana ɗingishi kaɗan, ta raka ni mu zaga gonar. Tafiya muke yi, ba mai gaggawa a cikinmu.