Takardar Tambarin da Na Jefa a Murhu

Malam Edita, Allah ya ƙara lafiya. Na daɗe ina sa jikokina su karanta mini labaran masu rubuto muku. Yau ga nawa, ko wani zai tsira da shi.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ni dillali ne a Wurno, ban cika shekara talatin ba. Ban gaji komai ba. Da dakon albasa na fara, har na kai ga jakuna huɗu, da rumfa guda a kasuwa, da rugage goma sha ɗaya na Fulani, daga Kwargaba har Boyekai, waɗanda ba su sayar da ko maraƙi sai ta hannuna. Rugagen nan su ne jarina na gaskiya, domin dillali ba shi da haja sai sunansa. Su ke gefe ɗaya na ma'auni. A ɗaya gefen kuwa wata 'yar takarda ce ta yayana, wadda ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Na auna, na zaɓa, kuma ban taɓa yin mugun awo irin wannan ba.

Yayan nan nawa uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara tara. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin Bama, aka sa shi gadin filin jiragen sama. Ya dawo da ransa da gaɓoɓinsa, amma hannuwansa na rawa, ko ludayin fura ya ɗauka sai rabi ya zube masa a riga. In aka yi tsawa da damina sai ya shige ɗaki ya dafe kunnuwa. Fartanya ta gagare shi, magana ma ya rage ta. Mutanen unguwa suka ce iska ce ya ɗebo a can, aka yi rubutu, aka yi turare, shiru. Daga baya ya samu aikin gadi wurin wani Bature da ya zo awon fadama. Shi ma Baturen tsohon soja ne, sukan zauna su yi ta hirarsu da Hausar bariki. Da zai koma ƙasarsu ya ba yayana wani ɗan kwali, ya ce ya sayo wa ɗansa ne, amma ya ga wanda ya fi ɗan nasa sanin jirgi.

Cikin kwalin gutsattsarin roba ne masu launin toka, manne a jikin wasu 'yan sanduna, da ɗan gam, da ƙananan gwangwanayen fenti biyu, da takarda mai zanen yadda ake haɗawa. In an haɗa sai ya zama jirgin yaƙi mai tsawon taƙi guda, irin sabon nan marar farfela, wanda yayana ya ce ta hanci yake shaƙar iska ya fitar da wuta ta wutsiya. Ni dariya na yi, na tambaye shi ko nawa za a taya abin wasan yara. Kullum da hantsi sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ya yanko gutsure ɗaya da aska, ya goge bakin gutsuren da ɗan dutse mai laushi, ya ɗiga gam da tsinken tsintsiya, ya riƙe har ya kama. Wata rana fiffike ɗaya kaɗai zai manna ya tashi. Inna ce ta fara lura, ta jawo ni gefe ta ce in dubi hannunsa. Na duba. Muddin yana kan aikin nan, hannun ba ya rawa ko kaɗan. Wata uku ya yi yana haɗawa. Ya yi burushi da gashin wutsiyar akuya, ya shafa fenti ruwan azurfa sau biyu, ya yi wa tayoyin baƙi, ya kifa kwando a kai don ƙura da ƙuda. A watannin nan ya fara cin tuwo tare da mu, har yakan kira ni Dillali yana tsokanata, wai in zo in ga hajar da ba ta da la'ada.

Abin da ya rage shi ne tambura. Suna jikin waccan 'yar takarda: da'irori masu shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki kamar ƙwayar ido, da lambobi da haruffan boko. Ba gam ake sa musu ba. Yanko ɗaya ake yi a tsoma cikin ruwa kaɗan, sai tambarin ya saki takardar, a zame shi a jikin jirgi a danne da ƙyalle. Wannan duk daga baya na sani. Ranar da ya gwada da wata 'yar lamba ta wutsiya, wata maƙwabciyarmu ta ratso zauren za ta ɗebi wuta wurin Inna, ta ga tsohon soja da ƙoƙon ruwa a gabansa yana jiƙa takarda mai rubutun Nasara. To a wurinmu, wanda ya sa rubutu cikin ruwa, mi zai yi da shi in ban da sha? Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya. Kafin mako ta riga ni isa Rabah.

A kasuwar Goronyo aka tare ni da ita. Wani dillali da muke kishin sana'a ya ɗaga murya cikin kara, gaban masu shanu, yana tambayata wai ƙoƙo nawa nake samu cikin rubutun Nasaran da ake sha gidanmu, ko shi ya sa cinikina ke gudu kamar jirgi. Aka kwashe da dariya. Na mayar masa da cewa in rubutu ke sa ciniki, shi ko tafki ya shanye ba zai sayar da bunsuru ba. Aka sake dariya. Wani Ardo dattijo da ya riƙe ni kamar ɗa ya kira ni gindin wata bagaruwa, ya tambaye ni mi na gani da idona. Na ce ban ga komai ba. Ya ce to in koma gida in tambayi yayana, shi bai taɓa sayen saniya da ji ba, ni ma bai san ni da haka ba. A makon nan kuma rugage biyu suka kai shanunsu hannun wancan dillalin. Sai na bar shawarar Ardo a gindin bagaruwa, na hau jakina ina lissafi: biyu sun tafi, saura tara.

Na isa gida da azahar, yayana ya tafi fadama. Na san inda yake ajiye takardar, cikin akwatin ƙarfensa, tsakanin shafukan littafinsa na sallamar soja. Na ɗauko ta na nufi madafa. Inna na tuƙa tuwo, ta tambaye ni mi ke hannuna, na ce abin da zai rufe mana kasuwa ne. Ta ce in jira mai abu ya dawo. Na jefa ta cikin murhu. Ko ƙiftawa uku ba ta yi ba ta ƙanƙance ta zama toka. Inna ta saki muciya, ta ce mini, na sani kuwa yau ce ranar da ya ce fenti ya gama bushewa?

Da la'asar ya shigo da fara'arsa, ya tace ruwa a ƙoƙo, ya shimfiɗa buzu, ya buɗe akwati. Ban bari ya wahala da nema ba, domin ko a kasuwa ban iya ɓoye aibin haja ba. Na durƙusa na ce Yaya, ni na ƙone ta, na faɗa masa dalili. Na shirya wa zagi, har da mari. Sai kawai ya ɗaga kwandon, ya nuna mini 'yar lambar nan a wutsiyar jirgin, kwance lif kamar da ita aka ƙera shi. Ya ce ga rubutun nan inda ya tafi, ruwan kuwa gindin bango ya zubar. Ya tambaye ni, da na kwana ɗaki ɗaya da shi shekara nawa, mi ya hana ni tambayarsa. Ya daɗe yana duban jirgin, sannan ya ce a can filin da ya yi gadi, jirgin da ba shi da tambari shi ya fi kowane shiga uku, domin abokan gaba za su harbe shi, nasa ma za su harbe shi. Da zai mayar da kwandon, na ji bakin kwandon na karkarwa a ƙasa. Hannun ya koma rawa.

Kwana arba'in bai sake fitowa zaure ba, tuwo ma ɗaki ake kai masa. Na bar kasuwa biyu na tafi Sakkwato, na bi kantunan Turawa da na Kwarori ina kwatance, wani ya miƙo mini kan sarki, wani ya ɗauka taɓaɓɓe ne ni. A nan ne kuma na ji cewa rugage biyun nan ba don rubutu suka bar ni ba, wancan dillalin ne ya ba ɗansu auren ƙanwarsa. Maganar rubutun ma ta mutu da kanta, an samu sabuwa.

A hanyar dawowa ina juya wani anini a hannuna, sai na lura da hujin da ke tsakiyarsa. Na biya wurin marina na karɓo shuni, na je wurin baduku na karɓo jan karan dafi, na haɗa da alli da ƙaro. Na yi sallama ƙofar ɗakinsa na ce Dillali ne ya kawo haja, ba ya son la'ada. Ya bar ni tsaye har ƙafata ta gaji, sannan ya fito. Ya dubi kayan, ya dubi aninin, ya ce ashe kuɗina na da wani amfani. Ni na danne aninin a kan fiffike, shi ya zagaya gefensa da tsinke, ya ɗiga ja ta cikin hujin. Sau uku hannunsa na gocewa muna gogewa. Kwana shida muka yi a kan fiffiken dama, ya fito, ko da yake shuɗin ya yi duhu, da'irar kuma ta ɗan karkace. Da na ce mu koma na hagu, ya ce a'a, a bar shi haka, don in riƙa gani. Ya yafe mini da bakinsa, ya koma cin tuwo tare da mu, amma hannun bai sake natsuwa kamar watannin nan uku ba har Allah ya karɓi abinsa.

Jirgin yana ɗakina har yau, fiffike ɗaya da tambari, ɗaya babu. Ina roƙon masu karatu, in an kawo muku maganar wani naku daga kasuwa, ku kai ta gare shi kafin ku kai hannu ga abinsa. Wanda ke jinya kuma, in ya samu abin da ya riƙe, ko da kun ga wasa ne, ku bar masa, ba ku san mi yake ɗaurewa da shi ba. Ni dai ga yadda cinikina ya tashi: rugage tara da na ƙona takardar dominsu, ba wadda ta yi niyyar barina. Biyun da suka tafi, ɗaya ta dawo da kanta bayan kaka. Riba ban ci ko anini ba. Abin da na biya kuwa hannun yayana ne, kuma har na tsufa a kasuwa ban ga inda ake sayar da shi ba.