Gwaggo Mai Almakashi da Baƙin Tabon Mangwaro

Kafin raɓa ta bushe, Gwaggo Mai Almakashi ta jingine babur ɗinta a bakin lambu. Malamar gona ce. Bishiya take fara gaisarwa kafin mai lambu: ta juya ganye, ta leƙa fure, ta tsinci ruɓaɓɓen mangwaro ta ɓare da farce. Haka take har furfura ta cim mata. Watan jiya ta yi ritaya, ko ruwan sanyi ba wanda ya miƙa mata. Shi ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace.

Shekarar da baƙin tabo ya sauka a lambunanmu, fure ya yi ta yin baƙi yana kakkaɓewa, 'ya'yan da suka tsira kuma su ruɓe a kwando kafin a kai kasuwa. Mai shagon magani ya cusa wa kowa maganin ƙwari, ana feshi cuta na ƙara ci. Kawuna ya fid da rai, ya kira masu gawayi su sare bishiyoyin da mahaifinsa ya dasa. An ɗaga gatari ke nan Gwaggo ta iso.

"Yaya, me suka yi maka da zafi haka?"

"Lambun ya mutu, Malama."

"Da ransa. Fumfuna ce, ba ƙwaro ba. Rassa sun cunkushe, iska ba ta ratsawa, laima ta samu wurin kwana. Ba ni shekara guda."

Ta kafa tsani ta hau da kanta. Ta datse rassan da suka kamu, tana wanke almakashi kafin ta taɓa wata bishiya. Ta sa aka share ganye da ruɓaɓɓun 'ya'ya aka ƙone. Feshi kuwa ta ce sai da maganin fumfuna, tun fure yana toho, ba a jira a yi ihu bayan hari ba.

Da kawu ya ga rana har gindin bishiya, ya daka mata tsawa a gaban jama'a: "Kin yi wa lambuna aski ƙwalƙwal! Fita!" Maƙwabta suka bushe da dariya. Ta karkaɗe zanenta ta tafi. Mako na zagayowa sai ga ta da tankin feshi a baya, kamar ba ita aka kora ba.

Da kakar mangwaro ta zo, sai da kawu ya tokare rassa da gwafa saboda nauyin 'ya'ya. Masu dariya suka yi layi a ƙofarta, ta bi lambunansu ɗaya bayan ɗaya.

To, wa ƙungiyar masu lambu ta karrama? Mai shagon magani! Aka zaunar da shi kujerar gaba ana tafi, wai shi ya kawo magani. Gwaggo tana can baya a tsaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Ba mu ji kunya ba?

Ke ce kika sha zagi ba ki yi zuciya ba, Gwaggo. Ke ce garkuwar lambu. Duk inuwar mangwaron da jikokinmu za su zauna, guminki ne. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Jiya na je na faɗa mata haka. Ta katse ni.

"Ajiye godiyar nan, ɗana. Kun ƙone ganyen bana?"

Masu lambu, kun ji tambayar. Kowa ya ɗauki tsintsiya.