Jan Biro a Wuyan Akuya

Ƙanwata tana da sikila. Shekararta biyar a lokacin, ni kuma na gama sakandare ina zaune a ɗakinmu na unguwar Maamobi ba aikin fari ba na baƙi, sai jinyarta ta faɗo kaina. Idan ciwon ya tashi ba ta cin komai. Mma ta yi lallashi, Baba ya yi tsawa, duk a banza. Abu ɗaya ke buɗe mata baki, wani tsohon littafin yara mai hotuna da na samo wajen masu baza littattafai a ƙasa a kasuwar Tudu.

Labarin akuya ne da zabuwa da wani gurgun jaki, ambaliya ta raba su da garinsu, suna neman hanyar gida. Da Turanci aka rubuta shi. In karanta layi, in juya mata shi da Hausarmu ta Zongo, in yi kukan jaki, in yi na zabuwa. Kowane shafi cokali ɗaya na koko, haka muka shirya. Ba son yi nake ba. Jakin nan ya ishe ni.

Ana haka Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Nijar dubiya. Tana gyara wa yarinyar matashi ta zaro littafin.

"Ke, wannan fa?"

"Littafi ne, Gwaggo."

"Na ga littafi, ai ba makauniya ba ce ni. Yarinya na kwance rai a hannun Allah, kun tara mata hotunan masu rai a ƙarƙashin kai. Ta ina mala'ikun rahama za su shigo?"

Na ce ɗakin da ko iska ba ta samun hanya, akuyar takarda ce za ta tare ƙofa? Mma ta harare ni. Gwaggo ta ce a ƙone shi. Mma ta ce in babu shi yarinyar ba ta ci. Suka yi ta ja, har Gwaggo ta sauko, ta ce a wajensu idan hoto ya zama dole a ajiye shi, layi ake ja a wuyansa a raba kai da jiki, ya zama kamar itace.

Ni dai so nake a yi shiru. Ƙanwata tana barcin rana, na ɗauki biron da ke kan taga. Ja ne. Ban tsaya neman wani ba. Na bi shafi shafi da haushi ina dannawa, akuya, zabuwa, jaki, har kwaɗin da ke gefen kogi ban bari ba. Gwaggo ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ko kaɗan ban tuna cewa sati biyu ke nan da Layya ba. Yarinyar nan a bakin ƙofa ta zauna ranar, tana kallon yadda ake kwantar da raguna a bakin gwata.

Da la'asar ta farka. Na dama koko, na zauna, na buɗe shafin farko. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a wuyan akuyar.

"Yaya, wa ya yanka shi?"

"Ba wanda ya yanka ta. Biro ne. Buɗe baki."

Ta karɓi littafin ta juya da kanta, a hankali, har shafin ƙarshe inda suka isa gida. Nan ma duk da ja a wuya.

"Ba su kai ba," in ji ta.

"Sun kai mana. Ga gidan, ga hayaƙin tuwo. Ji abin da akuya ta ce."

Na fara muryar akuyar. Ta toshe kunne.

"Wanda an yanka ba ya magana."

Na yi tsawa, na roƙa, na ce ni na zana, wasa ne. Da ta ji ni ce, sai ta juya fuskarta bango. Na goga da yawu, jan ya bazu, ya ƙara zama kamar jini. Gwaggo ta ce yarinta ce, za ta manta.

Kokon ya huce. Na washegari ma haka. A rana ta uku leɓenta ya bushe ya tsage, Baba ya saɓa ta a kafaɗa muka fita titi neman trotro, motar haya, zuwa asibiti. Aka sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi Mma me ya sa aka bar yarinya kwana uku ba ci.