Beryl da Ragowar Jaridun Jirgi

Shekara ashirin da bakwai Beryl Tranter ta yi tana sharar taragun jirgin ƙasa a Ramsgate, inda layin dogo ke ƙarewa don babu abin da ya rage a gaba sai teku. Goma sha tara daga ciki tare muka yi su, ita da tsintsiya, ni da bokiti. Matar yayana Cyril ce. Ita ta samo mini aikin, kuma har ta koma ga Allah ba ta bari na manta da haka ba.

Jirgin yamma zai iso daga Landan, masu kwat da lema su sauka, mu kuma mu hau. Minti ashirin ake ba mu. Kullum Beryl taragun manya take ɗauka, ba don sun fi tsabta ba, ai manya sun fi kowa ƙazanta, ni shaida ce. Jaridun da suke bari take bi. Za ka same su a naɗe, shafin baya a sama, inda kacici-kacicin kalmomin nan yake, mai gidaje fari da baƙi da ake cikewa da haruffa. Kusan kowa sai ya cike ya bar uku ko huɗu da suka gagare shi, ya yi zuciya ya watsar a kan kujera. Su take tarawa a aljihun rigar aiki, idan mun zauna shan shayi ta fito da guntun fensir.

Ni har yau abin haushi yake ba ni. Sai ka ga an rubuta wai wani fasto ya rikice a cikin kwalekwale, harafi tara. Ashe babu fasto, babu kwalekwale. Haruffan faston za ka hargitsa ka cusa su cikin na kwalekwalen, sai sunan wani fure ya fito, kuma wai an riga an gaya maka furen a ƙarshen jimlar, kai ne ba ka lura ba. Na ce mata wannan ai rainin hankali ne.

"Ba rainin hankali ba ne, Hilda," in ji ta. "Mai haɗa kacici-kacicin gaskiya yake faɗa miki tsaf, fuskarsa kawai yake juya wa wani wajen."

"To ya kalle ni mana, ko bashinsa na ci?"

"Sha shayinki, kanki ba na wannan ba ne."

Babu wanda ya koya mata. Tana da shekara goma sha huɗu aka cire ta daga makaranta aka kai ta gidan wanki da guga. Da ta fara aikin jirgi sai ta lura jaridar gobe tana kawo amsoshin ta yau. Sai ta riƙa jera su biyun a kan teburin kicin tana bi da baya, kamar mai warware saƙa don ta ga yadda aka yi ta. Shekara uku tana wannan kafin ta samo amsa ɗaya da kanta. Cyril ya ce ranar har ƙona masa kifi ta yi don murna.

Amma abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba: ba ta fara sabon kacici-kacici. Idan ta tsinci jaridar da ba a sa wa alƙalami ba, kai tsaye buhun shara take jefa ta. "Ni mai ƙarasawa ce," haka take cewa. "Masu ilimi su fara, ni in bi sawu." Da dariya take faɗa, amma na san ta. Tsoro take ji. A ranta ta yarda cewa in ba da haruffan manyan mutane ba, ita ba komai ba ce illa yarinyar gidan wanki, kuma ba ta son ranar da za ta gwada ta tabbatar.

Wata yamma da bazara wani dattijo mai tabarau ya dawo da sauri muna cikin taragu. Beryl ta jingina da tsintsiya, ta riga ta gama da jaridarsa.

"Baiwar Allah, ba ki ga wata jarida a nan ba?"

Ta miƙa masa. Na ga wuyansa ya yi ja har kunne. A wajenmu gara ka shanye wa mutum shayinsa da ka ƙarasa masa wannan abu.

"Wa ya sa mini hannu a ciki?"

"Ni ce, Yallaɓai. Na ɗauka yar da ita ka yi."

"Mantawa na yi. Tambaya ta goma sha huɗun nan ajiye ta na yi sai bayan cin abinci." Ya tsura wa shafin ido. "Ta yaya kika samo ta?"

Ta nuna masa da bakin fensir, kalmar tana kwance a ɓoye tsakanin wasu kalmomi biyu, an kuma juya ta baya. Ya cire tabarau ya goge.

"Kin san dai abin da muke bari shi ne mafi wuya? Masu sauƙin mu muke kwashewa."

Bayan ya sauka na ce mata ta ji da kunnenta. Ta tura mini bokiti da ƙafa. "Ladabi ne irin nasu. Haruffa huɗun da ya riga ya sa na taka na hau. Goge tagar can."

Cyril ya rasu shekara guda kafin ta ajiye aiki, ɗansu kuma ya daɗe da komawa Ostareliya. Da za a yi mata kyautar sallama, ni na kawo shawarar a biya mai shagon jarida ya riƙa kai mata sabuwa gida kowace safiya. Na ji kaina kamar wata mai hikima. Ta karɓi takardar biyan kuɗin a gaban kowa ta yi godiya, sai da muka fito ta ce, "Hilda, ke dai Allah ya shirye ki."

Gidana yana kallon nata, titi ne kawai tsakani. Mako guda ina hango ta ta taga: ta zauna, ta fere fensir, ta kalli shafin, sai ta tashi ta kama goge murhun da ta goge jiya. Jaridu bakwai suka taru babu ko ɗigo. Babu Cyril, babu jirgi, ga abin da take so ya zama abin da ke hana ta cin abinci. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Rana ta takwas ta leƙo ta kira ni. Ta ajiye mini shayi da biskit biyu, ta turo jaridar.

"Rubuta mini kalma ɗaya."

"Yaya, kin san ban iya ba."

"Na sani sarai. Rubuta ko me ya shiga gidajen."

Na ƙirga gida shida na rubuta sunan wani kifi. Ta jawo jaridar ta duba, sai ta yi tsaki. "Kifi? Ina kika ga kifi a nan? Mutumin yana maganar sojan doki, ke kina can kasuwa." Ta goge, ta rubuta daidai, tana mita. Daga nan fensirin bai tsaya ba. Kafin shayina ya huce ta kai rabi.

Haka muka ɗore. Kowace safiya ƙarfe tara in tsallaka, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, in ɓata mata gida ɗaya, ta zage ni, ta gyara, mu yi hirar mutanen tasha da na layinmu har sha ɗaya. Ranakun da na fi so ke nan a rayuwata, ko da yake a lokacin ƙorafi nake yi.

A shekara ta shida na faɗi a matakala na karya ƙugu. Kwana ashirin na yi a asibiti, kuma wallahi abin da ya fi damuna shi ne wa zai fara mata. Kullum tana zuwa da inabi, ba ta taɓa ta da maganar ba, ni ma na ji nauyin tambaya.

Ranar da na fara iya tsallaka titi da sanda, ta shiga ciki ɗauko mini matashi, ni kuma na buɗe kabad ɗin ƙarƙashin famfo ina neman tsumma don shayi ya zube. Ga jaridu a jere a bayan sabulu. Na ɗaga ta sama, a cike. Ta biyu, a cike. Duka har ƙasa, rubutunta ne kaɗai, ko alamar gogewa babu.

Ta dawo ta same ni da su a hannu. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba.

"Tun yaushe kika iya?"

Ta ajiye matashin a kujera ta daddanna shi. "Tun kafin Kirsimetin farko. Wata Lahadi kin makara, na gwada."

"Shekara shida kina sa ni fita cikin sanyi kamar wata sakarya, kina zagina a kan kifi? Me ya hana ki gaya mini?"

Ba ta kalle ni ba. Ta jawo jaridar ranar, sabuwa fil ba a taɓa ba, ta ɗora fensir a kai.

"In na gaya miki, me zai kawo ki?"

Na jingine sanda a jikin tebur. Na zauna a kan matashin, na ƙirga gida biyar, na rubuta abin da ya zo mini. Ta leƙo ta kafaɗata ta ce ba daidai ba ne.